Kafin A Ji Ƙarar Bindiga: Jawabi Ga Malaman Reshen Tudun Wada

Shugaban reshe, dattawanmu da suka ajiye alli, 'yan'uwa malamai maza da mata, da baƙinmu na Bebeji, Ƙiru da Doguwa, barkanmu da haɗuwa.

Muna koya wa yara cewa Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, yaƙin basasar ƙasarmu kuma a 1967. Amma ba mu cika tsayawa kan shekarun da suka gabace su ba, alhali ruwa ba ya tsami banza.

A Jamus, naɗa Hitila aka yi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu, 1933. A watan Maris majalisa da kanta ta miƙa masa ikon yin doka ba tare da ita ba. Ranar 2 ga Mayu aka rushe ƙungiyoyin ƙwadago. Aka kori malamai Yahudawa, aka tura sauran cikin ƙungiyar jam'iyyarsa, aka sake rubuta littattafan tarihi. Wutar da ta biyo baya ta iso har gidajenmu, domin an kwashi samarin Arewa zuwa fagen daga a Habasha da Bama.

Mu dawo gida. Ba mu daidaita shugabanninmu da Hitila, amma akwai darasi. Tun a mulkin farar hula bango ya fara tsagewa: ana ɗaure 'yan NEPU saboda ra'ayinsu, zaɓen 1964 ya zo da rikici, na Jihar Yamma a 1965 ya fi shi muni. Ranar 15 ga Janairu, 1966 sojoji suka kashe Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello, dukansu tsofaffin malaman makaranta. Janar Ironsi ya dakatar da majalisu. Ranar 24 ga Mayu ya haramta jam'iyyu, ya soke tsarin tarayya da Doka ta 34, babu wakilin jama'a da aka tuntuɓa. Da aka rasa zauren kai kuka, sai fushi ya fita titi, aka zubar da jinin bayin Allah 'yan ƙabilar Ibo a Kano da wasu garuruwa. A Yuli aka sake juyin mulki, bayan shekara guda aka shiga yaƙin wata 30.

A wuraren biyu, sai da aka toshe bakin majalisa, jam'iyya da ƙungiya kafin bindiga ta yi magana. Wannan ya shafe mu kai tsaye, 'yan'uwa. Malam Aminu Kano da takwarorinsa sun kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948 domin malami ya sami bakin magana. Amana ce a hannunmu. Saboda haka mu riƙa halartar taron reshe, mu yi zaɓen shugabanninmu a fili, mu tambaye su lissafin kuɗinmu. A aji kuwa, idan yaro ya ɗaga hannu ya ce bai yarda ba, mu saurari hujjarsa, kada mu miƙa hannu ga bulala.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.