Digiri Na Biyu Ga Ma'aikacin Lafiya Da Ke Bakin Aiki

Lacca ga ma'aikatan lafiya na Ikara, Maƙarfi da Kudan, a Kurmin Kogi

  

Tambayar da aka ɗora mini ita ce: mutumin da ya riga ya kama aiki, yana da iyali, albashi da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata, me digiri na biyu a fannin lafiya da sababbin dabarunta zai ƙara masa? Amsata ita ce zai ƙara masa da yawa, amma da sharaɗi: ya zama asibitin da yake aiki shi ne wurin bincikensa. Wanda ya je neman takarda kawai, takarda zai dawo da ita.

Yawancinku a Maƙarfi kuka yi karatu, a makarantar kiwon lafiya mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris. Can aka koya muku allura, awon ciki, karɓar haihuwa da rigakafi. Hannu ya iya aiki. Abin da karatun gaba yake koyarwa daban ne: yadda za ka gane inda aikin yake yoyo, ka auna shi, ka gwada gyara, ka kuma tabbatar wa wanda ke riƙe da kuɗi cewa gyaran ya yi.

Ku duba zubar jini bayan haihuwa. Duk ungozomar da ke nan ta san yadda ake yi: a kalli zane, a kalli gado, a kalli ƙasa, a ce jinin bai kai ba tukuna. Ido yakan rage, sai a farga mace ta galabaita, ga motar zuwa asibitin Ikara ko na Shika ba a kusa ba. Wani bincike mai suna E-MOTIVE, da aka gudanar a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya kawo wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai jego, jinin ya taru a ciki a ga adadinsa da lamba. Da ya kai rabin lita, ba a jiran komai: a murza mahaifa, a ba da magungunan tsayar da jini, a ɗaura ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, duk a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin ɗari. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, ita ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Magungunan nan ba sababbi ba ne. Sabon abin shi ne an auna, an sake tsarin aiki, an ƙirga sakamako. Wannan shi ne ilmin da nake kira ku zuwa gare shi, kuma ungozomar da ta shekara goma a ɗakin haihuwa ta fi sabon ɗalibi saurin gane shi.

Haka a ɓangaren annoba. Tun 2008 ake gudanar da shirin horar da masu bin diddigin cututtuka a Najeriya, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Ibadan suke ba wa ɗalibansa digiri na biyu. Ma'aikata ne ake ɗauka, kuma mafi yawan karatun a fili ake yin sa ba a aji ba. Ɗaliban shirin suna cikin waɗanda suka shiga ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400, suna kuma cikin masu bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu Ibola a Legas a 2014.

Sababbin abubuwa kuwa sun riga sun iso ƙofarmu. A Pambeguwa, nan maƙwabta a Kubau, kamfanin Zipline ya fara aika magani da allurar rigakafi ta jirgi maras matuƙi a 2022. Alƙaluman da kuke cikewa a fom ƙarshen kowane wata suna shiga manhajar DHIS2. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, ga kuma hukumar KADCHMA ta taimakekeniyar lafiya a jiharmu. Kowane ɗaya cikin waɗannan yana neman wanda ya iya lissafin kaya, ya iya tsara kasafi, ya iya karanta alƙaluma ya rubuta rahoto. In babu irinsa a cikinmu, daga Kaduna ko Abuja za a turo, kuma shi zai zama shugaba. Nan ne amfanin digirin yake ga aikinka: muƙaman sa ido da tantancewa, jagorancin shiri a ƙaramar hukuma, koyarwa a makarantun lafiya, aiki da ƙungiyoyin da ke tallafa wa rigakafi da yaƙi da zazzaɓin cizon sauro.

Yanzu ga abin da ya kamata ku sani kafin ku sayi fom. Mai difloma ba ya tsallakawa kai tsaye. Sai ya bi ta digirin farko, ko babbar difloma da diflomar gaba da digiri. Ku tabbata Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da kwas ɗin, domin akwai masu tallar digiri a waya da ba inda ake karɓarsa. Ku nemi izini a rubuce daga wurin aiki tun kafin ku fara, don takardar da aka samo ba da sanin ofis ba takan sha wahala ranar ƙarin girma. Kuma digirin ba ya mai da jami'in lafiya likita. Lasisinka shi ke faɗin iyakar hannunka. Wanda ba zai iya barin aiki ba, akwai cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Da wahala, ban ɓoye muku ba: karatu bayan dutin dare, ga kuɗin makaranta, ga intanet mai zuwa da ɗaukewa. Mata sun fi jin jiki, shi ya sa nake roƙon mazajensu su tsaya musu.

Inda na fi so ku riƙe shi ne zaɓen abin bincike. Kada ku kwafo taken da aka yi a wata jiha. Buɗe rajistar awon ciki ta asibitinka: mata nawa suka zo awon farko, nawa suka kai na huɗu, nawa suka haihu a hannunka? Ina sauran suka tafi, me ya hana su? Yara nawa suka karɓi allurar farko ba su dawo ta ƙyanda ba? Masu feshin tumatir a fadamun Ikara da masu aikin rake a Maƙarfi da Kudan, da wane ciwo suka fi zuwa, a wane wata? Ba wanda zai zo daga Ingila ya amsa waɗannan. Rajistar tana kan teburinka, mutanen sun san ka, za su gaya maka gaskiya.

Ga shugabanninmu na ƙananan hukumomin uku da hukumar lafiya matakin farko ta jiha, roƙona shi ne ku tsara sakin ma'aikata zuwa karatu bi da bi, bisa cancanta, a rubuta yarjejeniyar cewa za su dawo su yi aiki a nan. In sun dawo kuma a ba su aikin da ya dace da abin da suka karanta, a saurari sakamakon bincikensu a taron kwamitin ci gaban mazaɓa. Ku kuma 'yan uwana, wanda ya yi niyya ya fara tattara takardunsa tun wannan watan.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani.