Rana, Teku da Daminarmu: Jawabi a Taron Shekara-shekara

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malamai, 'yan'uwa na Boɗinga da Shagari.

Duk wanda ya kai shekarunmu ya ga farin 1973 da na 1984, lokacin da gero ya bushe a tsaye, shanu suka zube a bakin rijiyoyi. Iyayenmu kuma sun ba mu labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Kwanan baya wani ɗalibinmu na dā ya tambaye mu ko gaskiya ne sanyin rana ke kawo fari. Tambayar ta cancanci amsa a gaban jama'a.

Masana taurari sun daɗe suna ƙidaya baƙaƙen tabo a fuskar rana, waɗanda ke yawaita su ragu kusan duk shekara 11. Daga 1645 zuwa 1715 tabon nan sun kusa ɓacewa, alamar ƙarfin rana ya ɗan ja baya. A hunturun 1683 zuwa 1684 kogin Tems na Landan ya daskare har aka ci kasuwa a kansa. An sake samun irin wannan raguwa, mai sauƙi, daga wajen 1790 zuwa 1830, wato zamanin da Shehu Usmanu ya zauna Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi yana nan Boɗinga.

To, amma mu a nan ba ƙanƙara ce damuwarmu ba, ruwa ne. Damina tana zuwa mana ne idan iska mai laima daga Tekun Atilantika ta ture busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa. Iyakar da suke haɗuwa takan wuce Sakkwato wajen Mayu ko Yuni, ta koma kudu a Oktoba. In ta makara, ko ta yi saurin komawa, manomin Shagari ne ke biyan bashin.

Ga abin lura. A ƙarni na 17, lokacin da rana ta yi rauni, Tafkin Chadi cike yake. Mummunan farin da ya addabi Tambutu da ƙasashen Sahel daga 1738 zuwa 1756 kuwa ya zo ne bayan rana ta farfaɗo. Farin da muka gani da idonmu ma ya zo rana tana da ƙarfinta. Bambancin zafinta tsakanin yawan tabo da ƙarancinsu bai wuce kashi 1 cikin 1,000 ba. Bincike ya fi ɗora alhakin farin 1973 da 1984 a kan teku: ruwan kudancin duniya ya yi ɗumi, na arewacin Atilantika ya yi sanyi, hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana taimakawa, sai iskar damina ta kasa hawowa yadda ta saba. Mu malaman makaranta mun sha koya wa yara cewa sare itatuwa ne kaɗai sanadi; ashe rabin magana muka faɗa.

Allah ne mai saukar da ruwa, amma bai hana mu auna shi ba. Muna roƙon ƙungiya ta sayi ma'aunin ruwan sama ta ajiye a makarantun firamare, ko da guda goma, ɗalibai su riƙa rubuta ranar ruwan shuka da ranar ɗaukewarsa, domin manomi ya san lokacin da ya kamata ya koma ga iri mai saurin nuna. Littattafan rubutawar mu tsofaffin hedimastoci mun ɗauki nauyinsu.