Kuɗin harajinmu, ina suke zuwa?

Iyayena, malamai, 'yan kasuwa, masu kabu-kabu, mata masu sana'a, jama'ar Garwa da Gashiga da Barnake da Pitowa da Gidar, ina gaishe ku da rana.

Aikina a jam'iyya shi ne mayar da takardun Faransanci zuwa Hausa. Dokar haraji ta bi ta hannuna, kuma abin da na gani a ciki bai kamata ya tsaya a ofis ba. Shi ya kawo ni gabanku.

Wani zai ce shi ba ya biyan haraji tunda ba shi da shago. Alhaji, kana biya, ba ka sani ba ne. Akwai harajin TVA, kashi 19.25 cikin ɗari. Siminti, kwanon rufi, katin waya, duk yana ciki. Kayan da kuɗinsu sefa 10,000 ne, sai an ɗora 1,925 kafin su zo hannunka. Tun Janairun 2022, in ɗanki ya turo miki kuɗi ta waya daga Duwala, gwamnati na yankar kashi 0.2 cikin ɗari wajen turawa, ta sake yanka wajen cirewa. Tambur da muke saya 1,000 ya koma 1,500 a 2023. Fasfo ya tashi daga 75,000 zuwa 110,000. Litar fetur a gidan mai tana 630, ta koma 730 a Fabrairun 2023, bayan shekara ɗaya ta koma 840. Mu nan mun ɗan fake da zuwa-zuwa, to Najeriya ma ta janye tallafin mai a Mayun 2023, wannan inuwar ta gushe.

Jam'iyyarmu ba ta ce kowa ya ƙi biyan haraji ba. Wanda ya gaya muku haka so yake a rufe muku shago. Doka ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga mai zamba cikin haraji, ga kuma tara. Abin da muke so shi ne ku san haƙƙinku, don dokar da ta ba ma'aikacin haraji iko, ita ce kuma ta ja masa iyaka.

Bari in ba ku labarin kawuna. Yana sayar da atamfa, kayansa daga Mubi suke zuwa. Wata rana wani ma'aikaci ya kawo masa takarda, ya ce ya sa hannu a wuce wurin. Kawu ya yi karatun allo mai zurfi, amma ba ya jin Faransanci. Ya dangwala. Ashe abin da ya amsa shi ne da gangan ya ɓoye cinikinsa. Ku ji bambancin: in an sami gibi a harajinka aka ga kuskure ne, ƙarin da za a ɗora maka kashi 30 ne cikin ɗari. In aka rubuta cewa da mugun nufi ka yi, kashi 100 ne. In aka ce dabarar zamba ce, 150. Ke nan a kan gibin sefa 100,000, tara tana iya zama 30,000, tana iya zama 150,000, kuma kalma ɗaya ce a takarda take raba su. Sai da ya sayar da shanu biyu a kasuwar Adumri. Takardar ta zo hannuna bayan wata biyu, lokacin ƙorafi ya riga ya wuce.

Lokacin nan kwana 30 ne. In aka aiko maka takardar gyaran haraji, kana da kwana 30 ka mayar da amsa a rubuce. In takardar neman biya ta fito, wadda suke kira AMR, kana da wasu kwana 30 ka shigar da ƙorafi, bayan ka biya ɓangaren da ka yarda da shi. In ba a saurare ka ba, akwai ministan kuɗi, bayansa akwai kotun da ke shari'a tsakanin ɗan ƙasa da hukuma, kuma tana nan Garwa. Magana da baki a ƙofar ofis ba ƙorafi ba ce. A rubuta, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka adana.

Kada ka sa hannu a abin da ba a karanta maka ba. Kada kuɗinka ya fita babu rasit, ko na tikitin kasuwa ne. Harajin gwamnati yanzu ta banki ko ta waya ake biyansa, don haka wanda ya ce ka ba shi a hannu ya kai maka, ka san inda za su kwana. In an matsa maka sai ka ba da goro, hukumar CONAC tana da lambar kira kyauta, 1517. Sannan ku riƙa rubuta ciniki. Dokar da aka yi a Disamban 2024 ta kawo harajin IGS a madadin wanda ƙananan 'yan kasuwa suka saba biya, kuma yawan cinikinka na shekara shi ke nuna ajin da za a sa ka. Mu mutanen iyaka lissafinmu a ka yake, rabi da naira rabi da sefa. Ranar gardama, kai ba ya zama shaida. Sayi littafi, ko da ajami ne ka rubuta, ya fi babu.

To, mun biya. Ina kuɗin?

Kasafin kuɗin Kamaru na 2025 ya haura sefa biliyan 7,300. Duk wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Ngaundere, ko direban da ya ɗauki kaya daga Mora zuwa Kuseri, ya san abin da ya iso mana. Ga madatsar Lagdo a bayan gida, ga mu muna kwana cikin duhu da zafi. Binciken gwamnati da kanta na 2022 ya nuna a jihar Arewa mutum 6 cikin 10 talakawa ne. Dokar 24 ga Disamba 2019 ta ce kason da za a ware wa jihohi da ƙananan hukumomi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati. Ku tambayi magajin garinku ko ya taɓa ganin an cika. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ma'auni biyu. Sashe na 66 na tsarin mulkin 1996 ya ce shugaban ƙasa da ministoci da manyan masu riƙe da dukiyar jama'a su bayyana abin da suka mallaka. An yi dokar aiwatarwa a 2006, har yau ba a fara ba. A 2020 an ware biliyan 180 don yaƙi da korona, kuma alƙalan binciken kuɗi na Kotun Ƙoli sun bankaɗo ɓarna a yadda aka kashe su. Kotun musamman da aka kafa a 2011 don masu wawurar miliyan 50 zuwa sama, dokarta ta yarda a dakatar da tuhuma in mutum ya mayar da kuɗin. Mai tebur kuwa, bashin 20,000 ya isa a kwashe masa kaya.

Duk waɗannan ƙare-ƙaren ba daga sama suka faɗo ba. Kowace shekara ake kai dokar kasafi majalisar dokoki a Yawunde, 'yan majalisa su ɗaga hannu. Kujeru 180 ne, RDPC ta ci 152 a zaɓen 2020. Tambur da harajin waya ta hannunsu suka wuce, har da na waɗanda suka tafi da ƙuri'unmu.

Wakilanmu za su nemi a cika kashi 15 ɗin nan, a aiwatar da sashe na 66, kuma kowace ƙaramar hukuma da muka ci ta manna abin da ta tara a kasuwa da abin da ta kashe, a bango, da Faransanci da Hausa da Fulatanci. Mai takardar haraji da bai gane ba, ya kawo ofishinmu mu karanta masa kyauta, ba ma tambayar katin jam'iyya. Amma ya zo da wuri, kafin kwana 30 su cika.

Ku duba katin zaɓenku tun yau. Ranar zaɓe, in kun jefa ƙuri'a ku dawo da yamma a ƙirga a gabanku.

Allah ya ba mu zaman lafiya.