Amsoshin Wasiƙunku: Amai Da Gudawar Yara Ba Haƙori Ba Ne

Wasiƙarmu ta yau ta fito daga wata baiwar Allah a Ƙafin Maiyaki, ƙaramar hukumar Kiru. Ta ce ɗanta mai wata tara yana amai da gudawa kwana biyu ke nan, ga zazzaɓi, amma uwar mijinta ta ce haƙori ne. Tana tambaya, me za ta yi?

To Malama, a gaishe da Inna, amma fitowar haƙori ba ta sa yaro ya tsiyaye haka. Galibi wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira rota, wadda ke fita ta kashi, ta koma baki ta hannu mai datti ko kwanon abinci. A ƙasarmu ta fi yawa lokacin hunturu. Kafso ko Flagyl na kemis ba sa kashe ta. Abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki.

Saboda haka ki sayi ledar ORS, ki kaɗa a tafasasshen ruwan da ya huce, daidai awon da aka rubuta a jikinta. Duk lokacin da ya yi gudawa, ki ba shi rubu'i zuwa rabin kofin shayi, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya amayar, ki jira minti 10 ki ci gaba. Wanda ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo. Ki haɗa da ƙwayar zinc, guda ɗaya kullum, kwana 10 zuwa 14. Kada ki hana shi nono, kunu ma a ba shi.

In idonsa ya zurma, maɗigarsa ta faɗa, fitsari ya ɗauke, ya kasa sha, ko kika ga jini a kashinsa, sai asibiti nan take, ko da dare ne. Maigida, kada ka ce sai an tashi kasuwa.

Tun shekarar 2022 Nijeriya ta sa rigakafin rota cikin rigakafin jarirai, kyauta. A baki ake ɗiga shi, a mako na 6, na 10 da na 14. Iyayenmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ku kai jariranku. A wanke hannu da sabulu bayan wanke wa yaro kashi, a zuba kashin a masai.

Allah ya ba shi lafiya. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.