Takardar Fansho: Abin Da Ke Cikinta Da Abin Da Ba Ta Faɗa

Wannan taƙaitaccen jawabi ne da wani ɗan'uwa ma'aikacin lissafin kuɗi ya gabatar wa matasa ma'aikata a kan takardar da kamfanonin fansho ke aiko wa masu asusu.

Bayan gaisuwa, mai jawabin ya fara da cewa yawancin samari idan takardar nan ta zo, ko ta shigo musu a waya, adadin da ke can ƙasa kawai suke dubawa, in ya yi musu daɗi su yi murmushi, su rufe. Alhali kuwa, in ji shi, layukan da ke tsakiya su ne suka fi cancantar a zauna a kansu, domin su ne labarin abin da ya riga ya faru, shi kuwa adadin da ake ce maka za ka samu bayan ritaya hasashe ne kurum.

Ya tunatar da 'yan'uwa cewa tsarin nan ya soma ne da dokar gyaran fansho ta 2004, aka sake ta a 2014. A ƙarƙashin ta 2014, ma'aikaci na zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, mai aikin kuma ya ɗora aƙalla kashi 10, kuma ana lissafin ne a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na mota. Kuɗin na shiga asusu mai sunan ma'aikacin da lambarsa, kamfanin fansho ya juya su, wani kamfanin daban ya riƙe ajiyar, hukumar PenCom kuma ta sa ido a kan duka. Ya ce ma'aikatan wasu jihohi, irin su Kano da Jigawa, nasu tsarin daban ne, don haka kowa ya fara sanin inda yake.

Daga nan sai ya kawo misali. Ya ce a ɗauka abubuwan nan uku na wani saurayi sun kama Naira 100,000 a wata. To, kamata ya yi ya ga 8,000 tasa da 10,000 ta mai aiki, wato 18,000, suna shiga kowane wata, 216,000 ke nan a shekara. "Ka ɗauko takardun albashinka goma sha biyu," in ji shi, "ka jera su kusa da takardar fansho, ka bi wata-wata da yatsa. In an cire a albashin Maris amma babu Maris a takardar fansho, to, kuɗinka na hannun wani."

Ya daɗe a kan wannan gaɓa. Ya ce doka ta ba mai aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya kai kuɗin, wanda ya ƙi kuma akwai tara a kansa da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe ba a kowane wata. Amma tarar ba ta tashi da kanta sai an yi magana. Kuma asarar ta wuce 18,000 ɗin da ba a zuba ba, domin kuɗin da ya makara shekara biyu ya rasa ribar shekara biyu, ribar nan kuma da ta haifi wata. Ya ce wanda ya ga giɓi ya fara zuwa ofishin albashi da takardunsa a hannu, ya rubuta wa kamfanin fanshonsa, in abin ya faskara ya kai ƙara PenCom a rubuce. Saurayin da ya yi shiru don kunyar shugabansa, ya ce, zai zo neman haƙƙin ne yana ɗan shekara 60, lokacin da wataƙila ma'aikatar ma ta rufe.

Sannan ya juyo kan hasashen, wanda wasu kamfanoni ke nunawa a manhajarsu. Ya ce duk wanda ya lissafa maka abin da za ka tara nan da shekara 30, ya gina lissafin ne a kan zato uku: cewa ba za ka rasa aiki ba, cewa albashinka zai riƙa hawa, da cewa ribar za ta ɗore a kan wani ƙima. In zato ɗaya ya karkace, adadin ya canza. Amma babban abin da adadin ba ya faɗa shi ne darajar Nairar da za a biya ka da ita.

A nan ya ce kowa ya yi lissafi da shi. In farashin kaya na hawa da kashi 15 cikin 100 a shekara, to, cikin kusan shekara biyar ya ninka. A shekara 30 ya ninka sau shida ke nan a jere, wato abin Naira ɗaya ya koma na Naira sittin da 'yan kai. Ka ga ke nan wanda aka yi wa albishir da miliyan 50, abin da za ta saya masa a ranar bai kai abin da Naira 800,000 ke saya yau ba. Ya ce wannan ba tatsuniya ba ce: mafi ƙarancin albashi a Nijeriya 18,000 ne a 2011, ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Wanda aka ce masa a 2011 zai riƙa karɓar 60,000 a wata, a lokacin gani yake ya gama da talauci. A Disamban 2024 kuma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Saboda haka idan takarda ta nuna riba, a auna ta da hauhawar farashin wannan shekarar. In ribar ta gaza, adadin ya ƙaru amma buhun masarar da zai saya ya ragu.

Ya kuma gargaɗi masu zaton za a damƙa musu kuɗin gaba ɗaya ranar ritaya. Wani kaso ake bayarwa a dunƙule, sauran a riƙa biya wata-wata, ko dai daga kamfanin fansho, ko ta kamfanin inshora da zai biya har ƙarshen rai. Wanda ya rasa aiki kafin shekara 50 kuma ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cirar har kashi 25 cikin 100, sai dai abin da ya cira yana rage abin da zai tarar a tsufa.

Da aka zo tambayoyi, wani saurayi ya tambaya game da kuɗin ruwa, tunda ana zuba kuɗin fansho da yawa a takardun bashin gwamnati. Mai jawabin ya ce a duba takardar, tana nuna rukunin da kuɗin mutum suke. Tun 2018 aka raba asusun rukuni-rukuni, wanda bai kai 50 ba kuma bai zaɓa ba, a Rukuni na Biyu ake sa shi. A 2021 PenCom ta fitar da tsarin Rukuni na Shida, wanda ake juya kuɗinsa a hanyoyin da babu ruwa, kamar sukuk. Ba a mayar da kowa can sai ya nema da kansa a wurin kamfaninsa. Wanda kuma kamfanin ne bai gamsar da shi ba, tun Nuwamban 2020 yana da damar ɗauke asusunsa zuwa wani, sau ɗaya a shekara.