An Hana Ka Kwangila A Ƙaramar Hukuma? Ga Hanyar Da Doka Ta Ba Ka

Ga rubutaccen shirin wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Makon jiya wani matashi daga Sukuntuni, a ƙaramar hukumar Kankiya, ya turo mana saƙon murya. Kafinta ne, yana da yara huɗu a shagonsa. Ya ce ya ga sanarwa a allon sakatariyar wata ƙaramar hukuma, ba zan kama suna ba, ana neman mai kawo bencina da tebura. Ya sayar da geron da ya noma, ya yi rajistar kamfani a CAC, ya nemo shaidar biyan haraji, ya sayi fom ya cika ya miƙa. Daga nan shiru. Sai a teburin mai shayi ya ji wai an ba wani aikin, wanda ko guduma bai taɓa riƙewa ba. Ya ce, "Malam, akwai abin da zan yi, ko in bar wa Allah kawai?"

To ɗan'uwa, kowa Allah yake bar wa. Amma akwai abin yi, kuma yana da wa'adi.

Maganar nan ba tasa ba ce shi kaɗai. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, 34 daga ciki a nan Jihar Katsina suke. Da kuɗin nan ake kwalbati da rijiyar burtsatse da rumfunan kasuwa. In matasan Kankiya da Kusada ba su san yadda ake ƙalubalantar rabon aikin ba, kullum mutum biyar ɗin nan ne za su riƙa cinyewa.

Da farko ka tambayi kanka tsakani da Allah: zaluntata aka yi, ko dai an fi ni ne? Ƙa'idar ita ce a ba wanda ya cika sharuɗɗa duka kuma farashinsa ya fi sauƙi. In takardar harajinka ta ƙare, ko wani ya fi ka arha, ba ka da magana. Inda kake da magana shi ne in an buɗe takardun masu nema a ɓoye, ko an canja sharaɗi bayan an rufe karɓa, ko an ba wanda bai ma nema ba, ko an daddatsa aiki ɗaya gida-gida don a kauce wa gasa.

Yanzu doka. Ta tarayya ita ce Dokar Bayar da Kwangila ta 2007, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan jiharmu, ya sa wa hannu. Ita ta kafa hukumar BPP. Sashe na 54 ya jera matakan ƙorafi. Kana da ranakun aiki 15 daga ranar da ka san abin da ya faru ka rubuta wa shugaban da alhakin kuɗin ma'aikatar ke wuyansa. Shi ma yana da ranakun aiki 15 ya ba ka amsa a rubuce. In bai amsa ba, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, kana da ranakun aiki 10 ka kai wa BPP. Ita kuma za ta yanke hukunci cikin ranakun aiki 21. In har yanzu da sauran magana, kana da kwana 30 ka tafi Babbar Kotun Tarayya.

Ku lura fa, waɗannan kwanakin na aikin da kuɗin tarayya ne, kamar aikin mazaɓa da wata hukumar Abuja ta kawo ƙauyenku. Aikin ƙaramar hukuma kuwa dokar jiha za ka duba, kuma Katsina tana da tata dokar da tata hukumar kula da bayar da kwangila. Nemi kwafin dokar ka ga wa'adin da idonka. Shawarata, kar ka bari mako guda ya wuce ba ka rubuta ba.

Me za ka rubuta? Takarda ɗaya ta isa, zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma. Sa sunan aikin, ranar da aka yi sanarwa, ranar da ka miƙa, ƙa'idar da kake ganin an karya, sannan abin da kake so a yi: a dakatar da aikin a sake dubawa, ko a gaya maka dalilin da ya sa aka ƙi ka. Neman dalili ba rashin kunya ba ne, dokar 2007 ma ta ce a yi wa wanda bai samu ba bayani in ya nema. Ban da zagi, ban da "ɓarayi". Ka yi kwafi biyu, ka kai ofishin karɓar wasiƙu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Wannan kwafin shi ne shaidarka. In ka je gidan ciyaman da dare ya ce "za mu duba", gobe ba ka da abin nunawa.

In sun yi shiru, ka kai wa hukumar jiha, ka haɗa da kwafin nan da rasitin fom da hoton sanarwar. Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ofishin gwamnati kwana 7 ya amsa buƙatarka. Da ita za ka nemi sunayen waɗanda suka nemi aikin da farashin kowa. Akwai Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, ba a biyan ko sisi. In kuma kana da hujjar cin hanci, ba ji-ta-ji-ta ba, wannan aikin ICPC ne. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma ka ga lauya tukuna, don sau da yawa sai an ba hukuma takardar sanarwa kafin a shigar da ƙara.

Na san abin da ke ranku: "In na yi ƙorafi, ba za su sake ba ni aiki ba." Wallahi tsoron nan gaskiya ne, ba zan yaudare ku ba. Garin ƙarami ne, kansila ƙila surukin yayanka ne. Kuma yana yiwuwa ka bi matakan nan duka aikin bai dawo hannunka ba. Amma ka tuna, shirun da ka yi ma bai ba ka aikin ba. In kana jin nauyi, ku haɗu ku uku ko huɗu da kuka nema, ko ku bi ta ƙungiyar kafintoci, ku sa hannu tare. Ofishin da ya san ana ajiye takarda, a zagaye na gaba zai yi taka-tsantsan.

Sannan ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar da ka ga sanarwa ka ɗauki hotonta, ka adana rasiti, ka tambayi ranar buɗe takardu ka je ka zauna, ka rubuta farashin da aka karanto.

Ɗan'uwanmu na Sukuntuni, lissafa kwanakinka yau ɗin nan, gobe da safe ka kai takarda. Sauran jama'a, wanda ya taɓa rubuta irin wannan ƙorafi ya gaya mana yadda ta kaya a ƙasa, amma ban da kama suna. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.