Kundin Digiri da Kyamarar Ɗalibi: Me Katsina Za Ta Samu?

 

An ɗora mini nauyin in yi magana kan yaranmu da ke karanta fannin watsa labarai da kwamfuta da zane a jami'o'i, musamman abubuwa biyu da kowanensu ba ya kauce musu: zuwa sanin makamar aiki, da kuma kundin da yake haɗawa kafin a ba shi digiri. Ina ganin cikin waɗannan biyun akwai dukiyar da muke bari tana zubewa.

Bari mu fara da sanin makamar aiki. Shirin nan da ake kira SIWES, hukumar ITF ce ta ƙirƙiro shi a 1973, don ɗalibi ya taɓa kayan aiki da hannunsa kafin ya fita. Manufa ce mai kyau. To amma mu faɗa wa juna gaskiya, sau nawa yaro yake zuwa ma'aikata a zaunar da shi a kan benci wata da watanni, ba abin da yake yi sai aike da sayo kati, ran ƙarshe a sa masa hannu a littafinsa? Da yawa daga cikin masu sa hannun nan suna zaune a zauren nan. Wanda duk yake aiki a gidan rediyo ko talabijin ko wurin buga takardu, in an kawo masa ɗalibi, don Allah ya damƙa masa kyamara, ya zaunar da shi gaban na'urar tace hoto, ya bar shi ya ɓata ya gyara.

Sai batun kundi, wanda shi ne ya fi damuna. A yau muna da Jami'ar Al-Qalam da aka kafa a 2005, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta 2006, da ta tarayya a Dutsin-ma ta 2011, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Kowace shekara ana rubuta kundaye, a yi musu bango mai kauri, a jera su a kanta, ƙura ta rufe. Wasu ma kwafe su aka yi daga intanet, aka sauya sunan gari kawai. Alhali kuwa abin bincike yana nan ƙofar gidanmu, yana kuma ƙarewa muna kallo.

Ku dubi Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Ginin ƙasa ne, kowace damina tana cin rabonta. A yanzu ɗalibi zai iya kewaya gini da wayar hannu, ya ɗauki hotuna ɗaruruwa ta kowace kusurwa, manhajar kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffar ginin cif, da tsawonsa da faɗinsa da kowace tsaga da ke jikinsa. In aka maimaita bayan shekara biyar, sai a gane inda ya zaizaye. Haka za a iya yi wa ragowar ganuwa, da tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Wannan kundi ne da magina da masana tarihi za su nema da kansu.

Ga kuma muryoyi. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, bai rubuta littafinsa kan tarihin Katsina da aka buga a 1981 daga cikin ofis ba. Kundin digirinsa ne, kuma sai da ya bi dattawa gari gari yana tambaya. Kayan aikinsa ba su kai rabin abin da ke aljihun yaranmu ba. Dattawan marina da dukawa da maroƙa da suka rage, duk wanda ya rasu ba a ɗauki maganarsa ba, shi ke nan. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kaset-kaset ɗinsa na nan a gidaje, zarensu yana mannewa da zafi. Mai da su cikin kwamfuta, da rubuta wa aka yi wa waƙar da kuma yaushe, aiki ne na ɗalibi ɗaya ko biyu, ba ya bukatar miliyoyi. Mutanen Mali sun yi irin wannan da littattafan Tambutu, har kamfanin Google ya baje dubban shafukansu a intanet a 2022.

Kada kuma wani uba ya ce wannan ba sana'a ba ce. Finafinan Hausa na bidiyo sun fara ne a Kano da Turmin Danya a 1990, daga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa, ba su da komai sai kyamara. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, kuma irin waɗannan wurare masu iya sauti da tace hoto suke nema. Yaron da ya je neman aiki riƙe da fim ɗin minti goma da ya haɗa kan hawan Sallah a Ƙofar Soro ya fi wanda ya je da takarda kaɗai.

Shawarata ga ƙungiya ita ce mu sayi kyamara ɗaya mai kyau da na'urar ɗaukar murya, mu ajiye a sakatariya ana ara wa ɗalibai bisa sa hannun malaminsu. Sharaɗi guda: duk wanda ya ara, zai kawo mana kwafin aikinsa, ya kuma kai wani ga iyalan dattijon da ya yi hira da shi, bayan ya nemi izininsu tun farko. Ina roƙon Shugaba ya sa wannan cikin abubuwan da kwamiti zai duba a zamansa na gaba.